Tambaya da Amsa: Takardar Rangwame Ta Kawo Ciniki, To Ina Riba Ta Shiga?

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk daga masu sana'ar hannu suke, waɗanda ke sayar da abin da suka ƙera ta intanet, kuma dukansu a kan batu ɗaya suke tambaya, wato takardar rangwame, ko lambar nan da mai saye ke rubutawa lokacin biya domin a rage masa kuɗi. Mun taƙaita wasiƙun, sannan mun mayar da alkaluman kowa a kan ma'aunin 100, domin lissafin ya amfani kowane mai karatu ko da wane irin kuɗi yake ciniki.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai ɗinka jakunkunan fata ce, ina sayarwa ta wani dandalin intanet. Idan na sayar da jaka a kan 100, fata da zare da sauran kayan haɗi suna cin 35, kwali da abin naɗi suna cin 5, dandalin da kamfanin karɓar kuɗi suna yankar kusan 10, saura 50 nawa ne, kuma mai saye ne ke biyan kuɗin aikawa. A wata nakan sayar da jaka 40. Watan jiya na fitar da lambar rangwame ta kashi 25 cikin ɗari ga kowa da kowa, oda ta kai 60, na yi ta aiki ba dare ba rana. Amma da na zauna lissafi sai na tarar abin da ya rage a hannuna bai ma kai na watannin baya ba. Ina kuɗin ya shiga? Daga wata mai ɗinkin jaka.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Babu wanda ya cuce ki, kuma alkaluman da kika aiko sun isa su nuna hanyar da kuɗin ya bi. Abin da ya kamata ki fara lura da shi shi ne, rangwame ba ya taɓa kuɗin fata, ba ya taɓa kuɗin kwali, domin mai sayar miki da fata bai rage miki komai ba don kin yi wa kwastomominki ragi. Duk abin da kika rage, daga kasonki yake fita. Da kika sauke jaka daga 100 zuwa 75, fata tana nan a 35, kwali yana nan a 5, kamashon dandali ne kaɗai ya sauko daga 10 zuwa 7.5, tunda a kan abin da aka biya ake yankarsa. Saboda haka abin da ya rage miki a kowace jaka ya koma 27.5 maimakon 50. Mai saye ya ga an rage masa kashi ɗaya cikin huɗu na farashi, ke kuwa kusan rabin abin da ke shiga hannunki ne ya tafi.

A watan da ba ki yi rangwame ba, jaka 40 sau 50 sun ba ki 2,000. A watan rangwame, jaka 60 sau 27.5 sun ba ki 1,650. Ke nan kin ɗinka ƙarin jaka 20, sannan kuɗinki ya gaza da 350, kuma kafin ki dawo daidai da watan da kika saba sai kin sayar da jaka 73.

Akwai wata hanyar duba wannan lissafi wadda a ganina ta fi wannan faɗakarwa. Daga cikin mutum 60 da suka saya, kimanin 40 da ma za su saya ko babu lambar, domin haka suka saba yi kowane wata. Waɗannan ba ki jawo su ba, kyauta kika yi musu, kuma kyautar ta ci miki 22.5 a kan kowannensu, wato 900 jimla. Mutum 20 da lambar ta jawo kuwa sun kawo miki 550 ne kacal. Ki cire 550 daga 900, ga 350 ɗinki nan da kike nema. Wannan shi ne babban aibin rangwamen da aka buɗe wa kowa da kowa: yawancin kuɗin yana tafiya ne wajen waɗanda ba su roƙa ba, kuma suka zo da niyyar biyan cikakken farashi. Ina kuma shawartarki da ki sa ido a kan cinikin wannan wata da na gaba, domin akan samu wanda ya yi niyyar saye nan da wata biyu amma ya gaggauta saboda ya ga ragi. Idan kika ga ciniki ya ja baya, to wani ɓangare na ƙarin 20 ɗin aronsa kika yi daga watanni masu zuwa.

Har yanzu ban taɓo abin da ya fi damuna a wasiƙarki ba. Kin ce 50 ɗin da ke saura naki ne, amma ba ki ware ladan aikinki daga ciki ba. Da wata kika ɗauka tana ɗinka miki, ai da kin biya ta, kuma da kin rubuta abin da kika biya a cikin kuɗin da jaka ta ci. Mu ɗauka ladan ɗinka jaka ɗaya 25 ne. Ribar shagonki ta gaskiya ke nan 25 ce a cikakken farashi, a farashin rangwame kuwa 2.5 ce, ta yadda sai kin sayar da jaka 400 kafin ki sami ribar da jaka 40 ke ba ki. A nan mai sana'ar hannu ya bambanta da babban kamfani. Kamfanin da ke da injuna yana iya karya farashi ya fanshe da yawan ciniki, domin kaya na dubu da ɗaya ba ya cin masa wani abin kirki fiye da kuɗin kayan haɗi, wani lokaci ma yawan ne ke sa kuɗin kowane guda ya sauko. Ke kuwa jaka ta 60 tana cin awanni daidai da jaka ta farko, ko ma fiye idan gajiya ta shiga, kuma yini ba ya ƙaruwa don oda ta ƙaru. Saboda haka dabarar sayar da yawa a kan riba kaɗan, wadda ake yawan koya wa 'yan kasuwa, ba ta dace da wanda hannunsa ne injinsa ba.

Ga ƙa'idar da za ki riƙe kafin ki sake fitar da wata lamba. Ki cire rangwamen daga abin da ke rage miki a cikin ɗari, sannan ki raba rangwamen da abin da ya saura, amsar ita ce ƙarin cinikin da kike bukata domin ki tashi ba riba ba asara. Wanda 50 ke rage masa, idan ya yi ragin 10, sai ya raba 10 da 40, yana bukatar ƙarin kashi 25 cikin ɗari na ciniki. Idan ya yi ragin 20 yana bukatar ƙarin kusan kashi 67, idan ragin 25 ne sai cinikinsa ya ninka. Wanda 30 kaɗai ke rage masa kuwa, ragin 10 yana bukatar ƙarin rabin cinikinsa, ragin 20 kuma sai ya sayar da ninki uku na abin da ya saba. Saukowar kamasho takan ɗan sassauta alkaluman, shi ya sa naki ya tsaya a 73 maimakon 80, amma gara mutum ya yi lissafi da lamba mai tsauri. Da zarar kin sami amsar, sai ki tambayi kanki ko hannunki zai iya ɗinka adadin. Idan ba zai iya ba, magana ta ƙare tun ba a fara ba.

Kada kuma ki dogara da ƙiyasin kusan 10 da kika yi wa dandali, ki buɗe bayanan asusunki ki duba abin da ake yanka a kan kowace oda. Misali Etsy, dandalin kayan hannu da aka kafa a 2005, ya ɗaga kamashonsa daga kashi 5 zuwa kashi 6.5 a watan Afrilun 2022, kuma yana yankarsa har a kan kuɗin aikawa, ban da santi 20 na dalar Amurka da ake biya domin baje kowane kaya, da kuɗin sarrafa biya. Idan kuma mai saye ya zo ta tallan da dandalin ya yi a wasu shafuka, ƙaramin shago yana biyan ƙarin kashi 15. Odar da ta zo ta irin wannan talla ɗauke da lambar ragin kashi 25 tana iya cinye ribarki gaba ɗaya ta shiga cikin ladan aikinki.

Ban ce ki daina rangwame ba. Cewa na yi kowace lamba ta kasance da aikin da aka ɗauke ta ta yi, kuma a tsare ta a kan wannan aiki. Idan sababbin kwastomomi kike nema, ki sa ta yi aiki a sayen farko kawai. Idan kwantai kike son kawarwa, ki ɗaura ta a kan waɗannan jakunkuna su kaɗai, kuma a nan ragi mai zurfi ba laifi ba ne, domin an riga an kashe kuɗi da lokaci, abin da kike so shi ne jarinki ya dawo ya juya. Idan kuwa akwai watannin da kike zaune babu oda, a cikinsu ne rangwame ya fi dacewa, tunda 27.5 ta fi zaman banza. Lokacin da oda ta riga ta yi miki yawa, ƙarin farashi ya kamata ki yi tunani a kai.

Tambaya: Malam, ina sassaƙa cokula da akwatunan ado na katako. Wanne ya fi tsakanin ragin kashi cikin ɗari, da ragin tsayayyen kuɗi, da ɗauke wa mai saye kuɗin aikawa? Kuma tunda ina ɗora kashi 50 a kan abin da na kashe, ashe ba zan iya yin ragin kashi 40 in tsira da 10 ba? Daga wani masassaƙi.

Amsa: Ɗan'uwa, bari in fara da tambayarka ta biyu, domin a cikinta hatsari yake. Kashi 50 ɗin da ka ɗora a kan abin da ka kashe ake lissafa shi, ragin kuwa a kan farashin sayarwa ake lissafa shi, kuma ba ma'auni ɗaya ba ne. Idan ka kashe 100 ka ɗora 50, kana sayarwa 150. Kashi 40 na 150 shi ne 60, sai farashi ya dawo 90, ka yi asarar 10 a kan kowane kaya tun kafin dandali ya yanki nasa. Iyakar ragin da zai bar ka ba uwa ta taɓu ba riba ta samu shi ne kashi ɗaya cikin uku.

Game da tambayar farko, ga ƙaramin shago na fi son ragin tsayayyen kuɗi wanda aka gindaya masa sharaɗin mafi ƙarancin saye. Dalili shi ne ka san iyakar abin da kowace lamba za ta ci maka, sannan tana tura mai saye ya ƙara kaya. A ce yawancin masu saye suna kashe 100 a shagonka, rabi yana rage maka. Idan ka ce duk wanda ya sayi kayan 150 za a rage masa 15, wanda ya ƙara kaya domin ya kai sharaɗin zai bar maka 75 a cire 15, wato 60, alhali da 50 zai bari. Ga shi kuma kwali ɗaya ne, aike ɗaya ne. Wurin da ake kuskure shi ne wajen ajiye sharaɗin. Idan ka sa shi ƙasa da abin da mutane suka saba kashewa, ka koma raba kyauta, idan kuma ka kai shi nesa ƙwarai babu wanda zai yi yunƙurin kaiwa. Ka duba odar da ka samu a watannin baya, ka ga adadin da ya fi maimaituwa, ka ɗaga sharaɗin sama da shi da kimanin kuɗin ƙaramin kaya ɗaya da kake da shi a shago.

Ragin kashi cikin ɗari yana girma tare da girman oda, don haka ya fi cizo a kan kayanka mafi tsada, waɗanda galibi su ne suka fi cin lokaci. Idan za ka yi shi, ka sa masa rufi, ka ce kashi 15 amma ba zai wuce kaza ba, kuma ka cire kayan da ake yi wa mutum na musamman da sunansa ko ma'auninsa.

Ɗauke kuɗin aikawa yana da farin jini, domin mutane da yawa sukan fasa saye a matakin ƙarshe idan suka ga wani kuɗi ya hau kan wanda suka gani da farko. Shi ya sa a 2019 Etsy ya riƙa fifita shagunan da ke aika wa masu saye a Amurka kayan dala 35 zuwa sama kyauta. Sai dai kai katako kake sayarwa, yana da nauyi, kuma kuɗin aike ba kai ke yanke shi ba, nisa da nauyi ne. Kada ka yi wannan alkawari sai ka iyakance yankin da ya shafa da mafi ƙarancin saye.

Akwai hanya ta huɗu da ba ka ambata ba, wato kyautar ƙaramin kaya. Cokalin da kake sayarwa 20 amma ya ci maka 8, mai saye zai ji an ba shi 20, kai kuwa 8 ka fitar, kuma farashin akwatinka bai motsa ba. Sharaɗin dai shi ne ka sa lokacin sassaƙa shi a cikin 8 ɗin, kuma ya kasance abin da ake iya yi daga ragowar katako.

Tambaya: Malam, ni da ƙanwata muna haɗa sabulu da kyandir masu ƙamshi. Wani shafin da ke tallata takardun rangwame ya tuntuɓe mu, ya ce mu yi ragin rabin farashi, shi zai sayar wa dubban mabiyansa takardun, sannan mu raba abin da aka samu biyu. Ya ce ko ba mu ci riba yanzu ba za mu sami kwastomomi na dindindin. Mu amince? Daga wasu 'yan'uwa biyu.

Amsa: 'Yan'uwa, a kan waɗannan sharuɗɗa ban ba ku shawarar amincewa ba. Kayan 100 ya koma 50, shafin ya ɗauki 25, ku kun tashi da 25. Da wuya a sami kayan hannu da kuɗin haɗinsa da naɗinsa bai kai 25 cikin 100 ba, ballantana a yi maganar ladan aiki. Don haka wannan ba ciniki ba ne, talla ce kuke biya, kuma talla ce wadda ba ku san jimlar kuɗinta ba sai an gama, domin kowace takarda da aka ƙara sayarwa ƙarin asara ce.

Wannan tsari ba sabo ba ne. Kamfanin Groupon, wanda ya fara aiki a birnin Chicago a 2008, da shi ya yi suna, kuma an ga yadda ya kaya wa masu ƙananan sana'o'i. A 2011 wata mai gasa ƙananan kek a kusa da garin Reading na Ingila ta yi ragin kashi 75 ta wannan kamfani ba tare da ta iyakance adadi yadda ya kamata ba, mutum 8,500 suka sayi takardar, ta wayi gari da odar kek 102,000, har sai da ta ɗauki ƙarin ma'aikata, kuma ta tafka asara. Wani binciken da Utpal Dholakia na Jami'ar Rice ya yi a 2010 a kan 'yan kasuwa 150 da suka gwada tsarin ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ba su ci riba ba. Wasu sun ci, gaskiya ne, amma tsarin ya fi karɓar wanda ƙarin kwastoma ɗaya ba ya cin masa komai, kamar mai wurin da ke da kujerun da babu kowa a kai. Ku kuwa kowane sabulu yana cin mai da turare da lokaci, kuma sabulun da ake haɗawa ta hanyar sanyi yana bukatar makonni kafin ya nuna, ba a gaggauta shi don oda ta taru.

Maganar kwastomomi na dindindin ita ma sai an auna ta da alkalami. A ce kuna asarar 20 a kan kowace takarda, kuma cikin mutum 10 mutum ɗaya ne ya dawo ya saya a cikakken farashi. Kun sayi wannan mutum ɗaya a kan 200 ke nan, kuma idan kowane sayensa yana bar muku 50, sai ya dawo sau huɗu kafin ku fanshe. Ku tuna kuma mabiyan irin wannan shafi mabiyan araha ne, shafin suke bi ba shagonku ba.

Idan duk da haka kuna son gwadawa, ku fara yanke adadin kuɗin da za ku iya rasawa ba tare da jarinku ya girgiza ba, ku raba shi da asarar kowace takarda, abin da ya fito shi ne iyakar takardun da za a sayar, kuma a rubuta shi a cikin yarjejeniya. Ku nemi a sauko da ragin, ku nemi kason shafin ya ragu, ku zaɓi kaya ɗaya mai sauƙin haɗi, mutum ɗaya takarda ɗaya, ga ranar ƙarewa, ga kuma bayanin tsawon lokacin da oda za ta ɗauka kafin ta isa. Idan shafin ya ƙi yarda da iyakance adadi, wannan kaɗai ya isa dalilin janyewa.

Tambaya: Malam, ina saƙa huluna da mayafan sanyi. Na saba fitar da lambar ragi kusan kowane ƙarshen wata, yanzu kwastomomina sun daina saye sai sun ga lamba, wasu ma har tambayata suke yi yaushe za a sake. Wata ƙawata ta ce in ƙara farashi da kashi 20, sannan in riƙa yin ragin kashi 20 kullum. Hakan ya dace? Daga wata masaƙiya.

Amsa: Malama, shawarar ƙawarki tana da matsala ta fuska biyu. Ta fuskar lissafi, ƙarin kashi 20 a kan 100 ya ba da 120, ragin kashi 20 daga 120 kuma ya ba da 96, kin sauka ƙasa da inda kika tashi. Ta fuskar gaskiya kuma, farashin da ba a taɓa sayar da kaya a kansa ba, an rubuta shi ne kawai domin a soke shi, yaudara ce, kuma ƙasashe da dama sun hana. A Tarayyar Turai, tun watan Mayun 2022, duk wanda ya sanar da ragin farashi dole ne ya nuna mafi ƙanƙantar farashin da ya sayar da kayan a cikin kwana 30 da suka gabata, kuma daga shi ake auna ragin. Mai sayarwa ta intanet yana iya samun masu saye daga ko'ina, don haka ya kamata ki san dokar ƙasashen da kike aika wa kaya.

Abin da ya halatta, kuma ya zama wajibi ga mai son ɗorewa, shi ne gina farashi na gaskiya wanda zai iya ɗaukar rangwamen da aka tsara. A ce zare da naɗi da ladan saƙa sun ci 65, kina son ko a ranar ragi ki tsira da ribar 15, wato 80 ta shigo hannunki. Idan dandali yana yankar kashi 10, ragin da ba za ki taɓa wucewa ba kuma kashi 15 ne, sai ki raba 80 da 0.9, abin da ya fito ki sake raba shi da 0.85, za ki sami kusan 105. Wannan shi ne farashinki, kuma a kansa za ki riƙa sayarwa a mafi yawan kwanakin shekara. Bambancinsa da na ƙawarki shi ne mutane suna biyansa da gaske.

Ainihin ciwon kuwa shi ne sabon da kika yi wa kwastomominki, kuma ba su yi laifi ba, domin duk mai hankali idan ya san ragi yana zuwa ranar 28 ba zai saya ranar 20 ba. Masana biyu, Eric Anderson da Duncan Simester, sun wallafa wani bincike a 2004 wanda ya nuna cewa ragi mai zurfi yakan sa sabon mai saye ya ƙara saye daga baya, amma tsohon kwastoma sayensa na gaba raguwa yake yi. Lambarki ta ƙarshen wata tsofaffin take samu. Sai dai kada ki yanke ta dare ɗaya. Kamfanin JCPenney na Amurka ya gwada haka a 2012, ya soke takardun rangwame ya koma farashi ɗaya tsayayye, cinikinsa ya faɗi da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu a shekarar, aka sallami shugabansa Ron Johnson a watan Afrilun 2013. Ki bi a hankali: ki fara da wargaza jadawalin ta yadda ba za a iya hasashen ranar ba, ki rage zurfin ragin, ki tsawaita tazara, har ki tsaya a kan sau biyu ko uku a shekara, kowanne da dalilin da za ki iya faɗa, kamar kawar da kayan sanyi idan lokacinsu ya wuce. Tsofaffin kwastomomi kuma ki saka musu da abin da ba ya karya farashi, kamar ba su damar zaɓar sabon kaya kafin kowa, ko ɗan abin kyauta a cikin kwali. Ciniki zai ɗan ja baya a watannin farko, ki shirya wa hakan.

Lambar da za ki ci gaba da fitarwa kuma ki tsare ta. Akwai shafuka da manhajojin da aikinsu shi ne tattara lambobin ragi suna gwada wa mai saye su a lokacin biya, irin su Honey, wadda kamfanin biyan kuɗi ta intanet PayPal ya sanar da sayenta a 2019 a kan kimanin dala biliyan 4, saboda haka lambar da kika aika wa mutum 50 tana iya zama ta duniya cikin kwana kaɗan. Ki yi amfani da wadda ke aiki sau ɗaya ga mutum ɗaya idan dandalinki ya ba da dama, ki sa mata ranar mutuwa, ki hana haɗa ta da wani ragin ko da aike kyauta, kuma idan an dawo da kaya ki mayar da abin da aka biya ba farashin da aka rubuta ba. Kowace hanyar talla ki ba ta lambarta daban, sannan ki buɗe shafi a littafinki inda za ki rubuta ko mai amfani da ita sabo ne ko tsoho, nawa ya kashe, nawa ya rage miki bayan an cire komai har da ladan saƙa, da kuma ko ya dawo ya saya a cikakken farashi cikin wata uku zuwa shida.